TAWADA DA ƘURA: Toshewar Kan Firinta da Yadda Ake Wanke Shi a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Duk wanda ya yi zaman makarantar allo ya san abin da ke samun kurtun tawada idan almajiri ya yi sakaci ya bar shi a buɗe ya tafi aike. Kafin ya komo tawadar ta yi kauri, bakin alƙalamin da ya bari a ciki kuwa ya daskare, ko ɗigo ba ya yi. Maganin abin a wurinsa mai sauƙi ne. Sai ya ɗiga ruwa a kurtu ya motsa, ya kankare bakin alƙalami da aska, in ma ya ƙi ya fiƙe wani daga karan gamba. To, a yau akwai wani irin alƙalami da ya shigo ofisoshi da shaguna da gidajen malamai a garuruwan ƙasar Gumel, wanda shi ma tawada yake sha, shi ma kuma yakan bushe, amma ba ya kankaruwa da aska, ba a kuwa samun madadinsa a bakin gona. Wannan shi ne kan na'urar buga takarda mai fesa tawada, wadda jama'a suka fi sani da firinta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilan da ke sa kan nan toshewa, musamman a irin yanayin arewacin Jihar Jigawa, da kuma yadda mai na'ura zai wanke shi a gida ba tare da ya kashe shi ba.

Wani zai ga kamar batun bai kai a tara ɗalibai da ma'aikata a kansa ba. Amma a duba abin da ke fita daga bakin na'urar. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ita yake buga kundin bincikensa. Yaron da zai zauna jarrabawar JAMB da ita ake fitar masa da takardar da ke ɗauke da rana da wurin jarrabawa. Akawu a sakatariyar Gagarawa ko ta Sule Tankarkar da ita yake buga baucan kuɗi. Idan kafa ɗaya tak ta toshe a cikin kan, sai farin layi siriri ya ratsa rubutun daga wannan gefe zuwa wancan, ya yanke duk abin da ya tarar. Lamba 8 tana iya fitowa kamar 3, kuma zanen nan na layuka ko na ɗige-ɗige da ake haskawa don tantance takarda ya ƙi karantuwa a bakin ƙofar ɗakin jarrabawa.

Ga mai rubutun Hausa kuwa abin ya fi tsanani. Tun ƙarshen shekarun 1930, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a rubutun boko. Shekaru da dama akawuna suna bugawa da tafireta sa'an nan su bi da biro suna ɗora lanƙwasar da hannu. Kwamfuta da firinta sun raba mutane da wannan wahala, amma lanƙwasar tana nan a saman harafi, ƙarama, ba ta fi 'yan ɗigo ba. Farin layi ɗaya ya bi ta wurin, sai ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, ƙura kuwa ta rikiɗa ta zama kura. A rubutun ajami ma haka abin yake, domin ɗigo ne ke raba ba da ta da nun.

Yadda kan yake aiki

Ba a wanke abin da ba a san cikinsa ba. Kan firinta ɗan ƙaramin abu ne da ke zirga-zirga dama da hagu a bisa takarda, a ƙarƙashinsa akwai faranti mai jerin kafofi waɗanda ido ba ya gani sosai. Ana auna faɗinsu da maikiromita, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum yakan kai maikiromita 70 ko kusa da haka, kafar kan firinta kuwa galibi ba ta kai rabin wannan ba. A irin na'urar Epson L3110, wadda ta yawaita a shagunan buga takardu, akwai kafofi 180 na baƙar tawada da 59 ga kowane ɗaya daga launuka uku, watau shuɗi da ja da rawaya. Mafi ƙanƙantar ɗigon da take fitarwa fikolita 3 ne. Don a gane ƙanƙantarsa, ƙaramin cokalin shayi mai cin mililita 5 zai ba da irin wannan ɗigo fiye da biliyan ɗaya da rabi.

Hanyoyin fitar da ɗigon iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin wanki. Hanya ta farko ta zafi ce. A bayan kowace kafa akwai wani ɗan mitsitsin ƙarfe da lantarki ke gasawa har ya kai wajen digiri 300 a cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tawadar da ke jikinsa ta tafasa, ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo waje. An ce a shekarar 1977 ne wani injiniyan kamfanin Canon a Japan, Ichiro Endo, ya kama bakin zaren wannan dabara, bayan da ƙarfen dalma mai zafi ya taɓa allurar sirinji mai tawada aka ga tawadar ta yi tsartuwa. Kamfanin HP na Amurka ya bi ta tasa hanyar ya iso wuri ɗaya, ya fitar da ThinkJet a 1984 da DeskJet a 1988. Abin lura a nan shi ne tawadar ce ke sanyaya ɗan ƙarfen nan. Idan aka matsa wa na'ura ta yi ta bugu alhali tawada ba ta isa kafar ba, ƙarfen zai ƙone, kamar tukunyar da aka ɗora a wuta babu ruwa, kuma kafar da ta ƙone babu wankin da zai tashe ta.

Hanya ta biyu ta matsi ce, ita ce ta kamfanin Epson. Tushenta wani bincike ne da 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka yi a 1880 a kan wasu duwatsu masu alaƙa da lantarki. Irin waɗannan abubuwa sukan lanƙwashe idan lantarki ya ratsa su, lanƙwashewar ce ke matso ɗigo daga kafa. Wannan kai ba ya ƙonewa da sauƙi, amma a kafe yake a jikin na'ura, yana da tsada, kuma bangayen da ke raba hanyoyin launuka a cikinsa sirara ne ƙwarai.

Ita tawadar, mafi yawanta ruwa ne. Ana haɗa ta da wasu sinadarai masu riƙe danshi, irin su gilisarin, don kada ta yi saurin bushewa. Launin cikinta ko dai rini ne da ya narke sarai, ko kuwa gari ne mai laushin gaske da ke yawo a cikin ruwan bai narke ba. Nau'i na biyu ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin haka tawadar allo take: gawayi ko baƙin tukunya ne ake dakawa, a haɗa da ƙaro, ƙaron ya riƙe garin ya hana shi kwantawa. Ƙasar nan ma ta dakwara ce, itacen da ke ba da ƙaro. Duk malamin da ya taɓa haɗa tawada ya san cewa idan ruwan ya ƙafe, garin da ƙaron sukan dunƙule su zama dutse. Tawadar gari ta fi jure ruwa da rana a kan takarda, amma idan ta bushe a kafa ta fi ta rini taurin kai.

Masu ƙera na'urar sun san da wannan, saboda haka suka yi wa kan mazauni a gefe guda, galibi a dama. A mazaunin akwai marfi na roba da ke rufe farantin ruf idan na'ura ta huta, da wani ɗan magogi na roba da ke share shi, da ƙaramin famfo da ke zuƙo tawada ta cikin kafofi ya zubar a wani soso da ke can ƙasa. Marfin nan shi ne murfin kurtu.

Abin da ƙasar Gumel ta ƙara

Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, suna can ƙuryar arewacin Jigawa, Maigatari ma a bakin iyakar Nijar take. Damina a nan gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Daga Nuwamba iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar rana, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Abin da iskar ke yi wa leɓe shi take yi wa tawadar da ke bakin kafa. Daga Maris zuwa Mayu kuma bazara ta karɓa, zafi ya haura digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanda. Littafin da ke zuwa da na'urar ya fi dacewa da ofishi mai sanyi da rufaffun tagogi, ba da shagon bakin tasha ba.

Sa'an nan ga ƙura. Mafi yawan hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda a zamanin da tafkin Chadi ya malale, ya janye ya bar busasshen farin gari na ragowar ƙananan halittun ruwa. Ƙwayoyin wannan ƙura akwai waɗanda ba su kai faɗin kafa ba, akwai waɗanda suka fi ta. Idan aka haɗa da ƙurar gida, kamar wadda garken shanu da raƙuma ke tayarwa a Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, sai a ga na'urar da ke shagon bakin hanya tana shan abin da ba a yi ta dominsa ba. Ƙurar ba lalle ta shiga kafa kai tsaye ba. Ɓarnarta mafi girma ita ce ta kwanta a bakin marfin roba, ta cakuɗe da tawada ta zama laka, lakar ta bushe ta hana marfin kamawa. Daga nan iska ta sami hanya, kan ya yi ta bushewa ko da yana zaune a mazauninsa, famfon kuma ya yi ta zuƙar iska maimakon tawada. Sau da yawa mutum yakan yi ta fama da kai alhali laifin na marfi ne.

Abu na uku shi ne wutar lantarki. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, ko mai shago ya kashe janareto bai kashe na'ura ba, kan yakan tsaya cak a tsakiyar hanya, ba marfi. Kwana ɗaya a haka cikin hunturu ya isa. Haka nan wanda ya saba zare filogi daga bango maimakon danna maɓallin na'urar, ya hana ta mayar da kai mazauni. Wannan na'ura ba ta cin wuta, wat 12 ko kusa da haka ya ishi irin wadda aka ambata tana cikin bugu, shi ya sa masu wutar sola suka fi son ta a kan mai garin tona da ke jan ɗaruruwan wat. Ƙaramin batirin ajiyar wuta ya ishe ta ta gama shafi ta koma mazauninta.

Na ƙarshe shi ne zama. A ɗauki misalin ofishin da aka rufe don hutun Salla, ko shagon da ke kusa da kwaleji wanda ke bugu dare da rana lokacin haɗa kundi, ɗalibai su tafi hutu ya yi wata biyu ba a kunna na'ura ba. Ko kuwa ofishin da baƙi kawai yake bugawa, launuka uku suna zaune shekara guda. Ranar da aka nemi hoton fasfo sai fuskar mutum ta fito koriya.

Bincike kafin magani

Ba kowane farin layi ne toshewa ba. Abin da ya kamata a fara yi shi ne duba tawada. A na'urori masu tanki a gefe, waɗanda Epson ya fara fitarwa a Indunusiya a 2010 kafin su bazu, kowane tanki yana da layi a ƙasa; idan tawada ta sauka ƙasa da shi iska ta shiga bututu. A masu ƙaramin kurtu kuwa, wani lokaci an manta ne ba a ɓare ledar da ke toshe ƙofar iska ba. Bayan wannan sai a buga gwajin kafofi. Kowace na'ura tana da shi a sashen kulawa na manhajarta, ko ta danna wasu maɓallai da littafinta ya bayyana. Yakan fito da layuka masu kama da matakala, kowane ɗan guntu yana wakiltar kafa ɗaya. A rubuta lamba 1 a kan takardar a ajiye, domin da ita za a gwada abin da zai biyo baya.

Sa'an nan a umarci na'ura ta wanke kanta, a sake buga gwaji, a rubuta 2. A nan ne ake bambance cuta biyu masu kama da juna. Idan giɓin yana nan a wurinsa na farko, ko ya ragu kaɗan, busasshiyar tawada ce. Idan kuwa giɓin ya yi ƙaura, nan ya cike can ya buɗe, iska ce a cikin hanyar tawada, kuma maganin iska haƙuri ne, ba ruwa ba. Masu ƙera na'urorin sukan ce kada a wuce wanki uku ko makamancin haka a jere. In bai yi ba a kashe na'ura a bar ta ta huta sa'a 6 zuwa 12, gwargwadon irinta, don kumfar iska ta taso, daskararriyar tawada kuma ta jiƙa. Wannan shawara ita ce aka fi karyawa. Mai shago yana ganin layin mutane a ƙofa sai ya danna wanki sau goma, ya ƙarar da tawadar da za ta buga ɗaruruwan shafuka, ya ƙara kumfa a bututu, ya kuma cika soson ƙasa. Na'urar tana lissafin abin da ta zubar a soson, in lissafin ya cika sai ta tsaya ƙyam. Akwai masu goge lissafin da manhaja ba tare da sun canza soso ba. Ƙarshenta baƙin ruwa ya malalo a kan tebur da fayil-fayil.

Batun ruwa

Idan wankin na'ura ya gaza, sai na hannu, kuma a nan ne aka fi neman gira a rasa ido. Tambaya ta farko ita ce da wane ruwa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da narkakkun gishiri da ma'adinai, waɗanda ake ganin farin sawunsu a gindin buta. In suka bushe a cikin kafa sun zama sabuwar toshewa wadda ta fi ta farko, domin ita ba ta narkewa da tawada. Ruwan leda ma na sha ne, ba a cire masa ma'adinai ba. Tafasawa kuwa ba ta fitar da su duka. Abin da ake bukata shi ne tataccen ruwa da aka samo daga tururi, ko ruwan wanke kai da aka yi musamman don wannan aiki.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan. A bakin jama'a, ruwan batir suna ne na abubuwa biyu: tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota ko na sola, da kuma ruwan asid da ake zuba wa sabon batir. Dukansu farare ne, kuma sau da yawa a tsofaffin gorunan roba marasa rubutu ake sayar da su. Asid zai cinye kan firinta, ya ƙone hannu, in ya shiga ido kuwa sai abin da hali ya yi. Hanya mafi aminci ga mutumin Gumel ko Maigatari ita ce ya je kemis ya sayi ruwan haɗa allura, wanda ke zuwa a rufe cikin 'yan ƙananan robobi. Tatacce ne, ba shi da tsada, kuma uku ko huɗu sun isa. A karanta rubutun jikinsa, domin akwai mai gishiri da ke zuwa a irin wannan roba, shi kuwa bai dace ba.

Fetur da kananzir da tina da ruwan goge farce duk haram ne ga kan firinta, saboda sukan narkar da gam da robar da ke ciki. Sifirit ɗin asibiti ma bai kamata ya shiga kafofi ba, yakan busar da roba, yakan kuma sa tawadar gari ta dunƙule. Allura, tsinke, reza da buroshin haƙori kada su kusanci farantin. Ko audugar asibiti da takardar goge hanci ba su da kyau, don suna barin zare. Ɗan ƙyallen nan na goge tabarau, ko farin ƙyalle da ya sha wanki ba ya fitar da burbushi, shi ya fi.

Wankin hannu

Ga na'urorin da kansu ke haɗe da kurtu, kamar yawancin ƙananan HP da wasu Canon, aikin bai da wuya. A buɗe murfi, kurtun ya zo tsakiya, a zare filogi, a ciro shi. A jikinsa akwai wurare biyu da ya kamata a bambance: farantin kafofi a ƙasa, da ɗige-ɗigen tagulla a baya inda lantarki ke shiga. Na farko ne ake jiƙawa, na biyu ba ya son ruwa ko yatsa. A ɗuma ruwa kaɗan, kamar na wankan jariri, a ninke ƙyalle a cikin ɗan faranti a jiƙa shi sharkaf, a ɗora bakin kurtun a kai na minti 10. Bayan haka a danna shi a hankali bisa wani ƙyallen mai danshi. In baƙi ne za a ga baƙin layi cikakke, in mai launi ne za a ga layi uku a jere. Layin da bai fito ba shi ne mai sauran aiki, sai a sake jiƙawa. Dannawa ake yi, ba gogewa ba. A tsane shi, a tabbata tagullar a bushe take ƙarau, a mayar da shi ba tare da ya daɗe a waje ba, domin a iskar hunturu rabin sa'a ma ya yi yawa. Sa'an nan wankin na'ura sau ɗaya, da gwaji.

Wasu Canon suna da kai da ake cirowa dabam bayan an fitar da kurtuna an ɗaga wani ɗan hannu. Shi ma haka ake yi masa, sai dai yakan bukaci jiƙo mai tsawo, kuma ruwan kada ya haura farantin ya taɓa allon lantarkinsa. Shanya a inuwa ake yi, cikin ɗaki, an kife masa kwano saboda ƙura. Rana da bakin murhu ba wurinsa ba ne. Gaggawar mayar da kai da sauran danshi ita ce ke kashe na'urori da yawa: ruwa ya haɗa wayoyi biyu, kai ya ƙone, ya ja babban allon na'urar su tafi tare.

Kafaffen kai irin na Epson ba a ciro shi a gida. Sai a kunna na'ura, a jira kan ya baro mazauninsa, a zare filogi a daidai lokacin, ta yadda za a iya tura shi da hannu. Wannan ne kaɗai lokacin da zare filogi yake da amfani. Da farko a duba mazaunin da tocila. A share bakin marfin roba da ɗan magogin da ƙyalle mai danshi har lakar ta fita, a ɗiga ruwa kaɗan a cikin marfin. Sau da yawa wannan kaɗai, tare da mayar da kan ya kwana a bisa jiƙaƙƙen marfi, ya wadatar. In bai wadatar ba, a ninke ƙyalle siriri a shimfiɗa a hanyar da kan ke bi, a jiƙa shi, a turo kan a hankali ya hau. Idan ya cije kada a tilasta, ƙyallen ne ya yi kauri. A bar shi sa'a biyu ko uku, a janye, a cire ƙyallen, a mayar da kan mazauni. A kiyaye wani siririn tsiri na leda mai haske da ya miƙe a bayan kan daga gefe zuwa gefe. Da shi na'ura ke gane inda kanta yake, in tawada ta ɓata shi sai kan ya riƙa dukan bango.

Akwai masu ɗura ruwa ta saman kai da sirinji. Dabara ce ta masu gyara, tana kuma aiki a hannun wanda ya iya, amma ba ta cancanci mai koyo ba. Ƙarfin babban yatsa a kan sirinji ya fi ƙarfin bangayen cikin kan nesa ba kusa ba. In suka fashe launuka sun gauraye har abada, rawaya ta riƙa fitowa da baƙi. Hura iska da baki ma ba shi da amfani, ga shi tawada tana shiga baki. In ta fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, kwalabenta kuma a ɗaga su daga inda yara ke kaiwa, domin launinsu ya yi kama da na lemon kwalba. Wanda na'urarsa sabuwa ce, tana cikin wa'adin garanti, ya tsaya a wankin da manhaja ke yi ya mayar wa wanda ya sayar masa.

Bayan kan ya buɗe, abin da zai hana shi komawa ba shi da yawa. Shafi ɗaya mai launuka duka a kowane mako, a hunturu da bazara ma kowane kwana uku ko huɗu, ya fi arha a kan wanki ɗaya. A ɗinka wa na'ura riga, a nisanta ta da taga da ƙofar da ke kallon gabas ko arewa, a ajiye takarda a cikin ledarta don kada ta shigo da ƙura. Kada a zuba tawadar gari a kan ta rini, ko a haɗa ta kamfanoni biyu a tanki ɗaya, domin wasu in sun haɗu sukan kama kamar kindirmo. Ma'aikacin da zai tafi dogon hutu ya bar wa wani amanar kunna ta. Ɗalibi kuwa ya buga takardar jarrabawarsa tun da sauran kwanaki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan an yi jiƙo sau biyu ko uku, takardun gwaji masu lamba 1 har zuwa 6 suna nuna giɓi ɗaya a wuri ɗaya bai motsa ba, ko launi guda ya ɓace gaba ɗaya farat ɗaya alhali bututunsa cike yake, to matsalar ta lantarki ce, ruwa ya gama nasa. Mai kurtu ya sayi sabon kurtu, ya sami sabon kai a ciki. Mai kafaffen kai kuwa ya tambayi kuɗin kan tukuna, don wani lokaci yakan tasam ma rabin kuɗin sabuwar na'ura. In ya yanke shawarar kai ta wurin masu gyara a Kano, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka daga Gumel, ya tabbata kan yana mazauninsa, ya rufe murafan tankuna da kyau, ya ɗaure kan da tef don kada ya yi ta karo a hanya. A zaune za a ɗauke ta, ba a kishingiɗe ko a kife ba, kuma a cikin mota, ba a saman kaya cikin rana ba. Ya tafi da takardun gwajin nan masu lamba, su ne za su gaya wa mai gyara abin da aka riga aka yi.